Ko Ka Sani? Injin Gashin Daji da Saurin Yatsu Ya Tona Wa Asiri

Therac-25 injin gashin cutar daji ne, wato na'urar da ke harba haske mai ratsa jiki domin ƙone ƙwayoyin cutar, wanda kamfanin makamashin nukiliya na Kanada, AECL, ya ƙera a farkon shekarun 1980, aka kuma girka guda 11 a asibitocin Amurka da Kanada. Tsakanin watan Yuni na 1985 da Janairu na 1987 an samu haɗura shida da injin ya zuba wa majinyata haske fiye da kima, aƙalla uku daga cikinsu suka rasa rayukansu, kuma da aka bi diddigi sai aka tarar ɓarnar tana cikin manhaja, wato jerin umarnin da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi.

Injin yana aiki ne ta hanya biyu. Idan cutar tana kusa da fata, sai ya saki ƙwayoyin lantarki masu sauƙin ƙarfi, maganaɗisu ya baza su. Idan kuma tana can cikin jiki, sai ya ƙara ƙarfin harbin kusan ninki 100, harbin ya bugi wani farantin ƙarfe da ke mayar da shi hasken eksire kafin ya isa ga majinyaci. Haɗarin a fili yake: muddin aka saki babban harbin alhali farantin bai shiga wurinsa ba, jikin mutum ne zai karɓe shi gaba ɗaya. Injin da ya gabace shi, Therac-20, yana da makullan kariya na ƙarfe da waya da ke katse wuta idan haka ta taso, amma a sabon injin an cire su, aka ɗora nauyin tsaron a kan manhajar da ke cikin kwamfutar PDP-11. Daga baya an gano cewa irin wannan kuskure yana cikin manhajar tsohon injin ma, sai dai a can fiyus ne ke ƙonewa, babu wanda ya ji rauni, don haka ba a taɓa lura da shi ba.

A watan Maris na 1986, a wata cibiyar jinyar daji da ke Tyler a jihar Texas, ma'aikaciyar da ke sarrafa injin ta buga harafin X, na hasken eksire, maimakon E, na ƙwayoyin lantarki, ta koma ta gyara nan take kamar yadda ƙwararre ke yi, sai allo ya nuna saƙon "Malfunction 54" tare da cewa hasken da aka bayar bai kai ba. Majinyacin da ake ba kimanin rad 200 a zama ɗaya, rad kuwa ma'aunin hasken da jiki ya sha ne, an ƙiyasta ya sha tsakanin 16,500 da 25,000, ya kuma rasu bayan wata biyar. Injiniyoyin kamfanin sun zo sun gwada injin, matsalar ba ta bayyana musu ba, aka ci gaba da aiki, bayan mako uku abin ya sake faruwa ga wani majinyaci. A nan ne masanin kimiyyar asibitin, Fritz Hager, ya zauna da ma'aikaciyar suka yi ta maimaita matakan har suka gano sirrin: injin yana ɗaukar kimanin daƙiƙa takwas yana saita maganaɗisunsa, kuma duk gyaran da aka kammala cikin wannan lokaci allo zai nuna shi, amma sashen da ke saita harbin ba zai gan shi ba. Masana suna kiran wannan tseren ayyuka, wato yanayin da sassa biyu na manhaja ke aiki lokaci guda, sakamakon ya dogara ga wanda ya riga wani. Mai buga haruffa a hankali ba zai taɓa cin karo da shi ba.

Abin da Hager ya yi shi ne ainihin aikin mai gwada manhaja, sai dai abin takaici an yi shi bayan an riga an cutar da mutane. Mai gwaji yana neman hanyar da manhaja za ta karye: ya buga da sauri, ya buga ba daidai ba, ya soke umarni a tsakiya, ya kuma rubuta matakan dalla-dalla yadda wani zai iya sake haifar da kuskuren, domin kuskuren da ba a iya maimaitawa da wuya a yarda da shi, balle a gyara. Wanda ya rubuta manhaja yakan bi hanyar da ya tsara a ransa, shi ya sa ake son mai gwaji ya zama wani dabam. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa mutum ɗaya ne ya rubuta manhajar, ba a yi mata isasshen gwajin sashe-sashe ba, wato gwada kowane ɓangare shi kaɗai kafin a haɗa, kamfanin kuma ya dogara da sa'o'i 2,700 na amfani da injin a dunƙule. Nazarin haɗarin da kamfanin ya yi a 1983 ma bai lissafa kurakuran rubutun manhaja ba.

Haɗari na ƙarshe, a Yakima ta jihar Washington a Janairun 1987, ya fito ne daga wani kuskuren dabam. Akwai ma'aunin ƙirga da ba ya wuce 255, yana kaiwa nan sai ya koma sifili, sifili kuwa a wurin manhajar yana nufin babu buƙatar duba matsayin farantin. Idan ma'aikaci ya danna maɓallin saiti daidai wannan lokaci, babban harbin zai fita babu kariya. Gwajin iyaka, wato tura kowace lamba zuwa ƙarshen abin da za ta iya ɗauka a ga me zai biyo baya, don irin wannan aka tanade shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, wadda ta ayyana injin a matsayin mai lahani tun Mayun 1986, ta ba da shawarar a dakatar da amfani da shi a Fabrairun 1987, kuma cikin gyare-gyaren da kamfanin ya amince da su a wannan shekara har da sanya makullan kariya na ƙarfe da waya masu aiki ba tare da jiran umarnin manhaja ba.