Kwamfuta A Ofis Da Makaranta: Shawara Ga Akawuna Da Malaman Ƙasar Haɗeja

Bayan ruwan ambaliyar 2022 ya janye, na fita rangadin makarantu a fadamar Kogin Haɗeja. A wata makarantar firamare na tarar da hedimasta ya shanya takardu a kan tabarma a gindin bishiya: rajistar shigar yara, da littafin sakamakon jarrabawa, da takardun malamai. Tawada ta narke, shafi ya manne da shafi, sunayen da ke karantuwa ba su kai rabi ba. Ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe, in yaro ya zo nan gaba neman shaidar gama makaranta, da me zan tabbatar masa?" Ban sami amsar da zan ba shi ba. Bayan kwana biyu na isa wata makaranta, ita ma ruwa ya shige ta har taga, amma hedimastanta hankalinsa kwance. Ashe tun farkon shekara wani ƙaramin malaminsa ya buga sunayen yara duka a kwamfuta, ya aika wa kansa da su ta imel, suna can ba abin da ya taɓa su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Da yawa daga cikin akawuna da malamanmu, musamman waɗanda suka manyanta, suna jin tsoron kwamfuta, suna cewa aikin yara ne. To, zamani bai bar mana zaɓi ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a duka ta kwamfuta, saboda haka yaron Auyo ko Guri ko Kiri Kasamma ba shi da hanyar zuwa jami'ar Kafin Hausa, ko wata jami'a, sai ya zauna gaban na'urar nan. Malamin da bai taɓa ta ba, yaya zai shirya almajirinsa?

Amma ina so in kwantar muku da hankali. Akawun En'e na zamanin da, lokacin da Haɗeja ke cikin Lardin Kano, ladubba uku ya riƙe. Wasiƙarsa ba ta fita sai da adireshi daidai da take a bisanta. Mabuɗin akwatin ƙarfe ba ya barin aljihunsa. Kowace takarda ya buga a tafireta sai ya sa kabon ya ajiye kofe a fayil. Wanda ya riƙe waɗannan uku ya riga ya san rabin aikin kwamfuta, saura sanin inda a ke latsawa.

Wasiƙar Imel

Imel wasiƙa ce da ba ta bukatar ambulan ko kan sarki, kuma kafin ka ɗauke hannu ta isa. Wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, shi ya fara aika ta daga wata kwamfuta zuwa wata cikin 1971, shi ne kuma ya zaɓi alamar nan @ don ta raba sunan mutum da sunan gidan da ke riƙe da akwatinsa, kamar gmail.com. In za ka buɗe akwati, sa sunanka na yanka da na mahaifinka, ka bar laƙabin samartaka, gama da adireshin nan za ka nemi aiki, da shi za ka rubuta wa na gaba da kai. Ka kuma sani harafi guda in ya kauce, wasiƙa ta koma maka ko ta faɗa hannun wani.

A saman wasiƙa akwai layuka da aka yi wa suna da Turanci. Layin To na wanda ka ke rubuta wa ne. Layin Cc na waɗanda za a ba kofe ne, kamar yadda akawu kan jera sunayensu a ƙasan takarda. Layin Bcc shi ma na kofe ne, sai dai waɗanda ka sa a nan ba wanda zai ga adireshinsu, don haka shi ya dace in za ka aika wa iyayen yara da yawa sanarwa guda. Layin Subject kuwa shi ne taken wasiƙa. Kada ka bar shi fayau, kada kuma ka rubuta "Salam" kaɗai; rubuta abin da ke ciki, misali, "Jerin Yaran Aji Shida, Zango Na Biyu."

In za ka haɗa wata takarda da wasiƙa, latsa alamar kilif ɗin maƙale takardu, ka zaɓi fayil, ka jira ya gama hawa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a wasiƙa guda. In za ka ba da amsa, lura da bambancin Reply, wanda ke mai da amsa ga mai wasiƙa shi kaɗai, da Reply All, wanda ke kai ta har ga duk waɗanda ke layin To da na Cc. Sa'an nan ka karanta sau biyu kafin ka aika, balle in ranka a ɓace ya ke. Magana zarar bunu ce, kuma iyakar lokacin da Gmail zai ba ka na janye ta daƙiƙa 30 ne.

Tsare Mabuɗi

Mabuɗin akwatinka shi ne kalmar sirri. Ma'aji ba ya ba masinja mabuɗin Baitulmali don yana sauri, kai ma kada ka ba kowa kalmarka, ko abokin aiki, ko mai shagon kwamfuta. Kada ta zama shekarar haihuwarka, ko lambar wayarka, ko sunan ɗanka, domin waɗannan su ɓarawo ke fara gwadawa. Haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna, ka sa lamba a tsakaninsu, tsawonta ya kai harafi 12 ko fi. Kalmar imel daban, ta banki daban. In kana tsoron mantuwa, rubuta su a ɗan littafi ka kulle a akwatinka na gida, kada ka manna a bangon ofis.

Akwai kuma kulle na biyu, wanda Gmail da WhatsApp da Facebook duk suna da shi a wurin saiti. In ka kunna shi, ko wani ya sami hanyar farko sai an tambaye shi shaida ta biyu kafin ya shiga. Lambar wayar da za ka ba su don ceto akwatinka ran mantuwa, ta zama taka ce, wadda aka yi wa rajista da sunanka. Malamai, ku gaya wa yaran da za su yi rajistar jarrabawa su buɗe nasu imel da hannunsu. Wanda ya bari mai shago ya sa masa tasa lamba ya ba da ajiyar mabuɗinsa ga wanda bai sani ba. In ka yi aiki a kwamfutar shago ko ta ofis, kada ka tashi sai ka latsa Sign out, kuma in ta tambaye ka ko ta riƙe maka kalmar sirri, ka ƙi.

Masu Damfara

Damfara ta wasiƙa ta girmi kwamfuta, har an sa mata suna 419, watau lambar sashen dokar laifuffuka da ya yi magana a kanta. Cikin 2015 aka yi doka ta musamman a Nijeriya a kan laifuffukan intanet. Amma doka tana kama ɓarawo ne bayan ya yi sata; tsare gida aikin mai gida ne.

Na san wani akawu, dattijo mai hankali, wanda aka buga wa waya ran da albashi ya shiga. Mai magana ya kira cikakken sunansa, ya ce daga banki ne, za a rufe asusunsa nan da awa guda sai ya faɗi lambar da za ta shigo masa yanzu. Lamba ta shigo, ya karanta masa. Kafin ya kai gida asusu ya zama wayam. Ku dubi yadda aka yi masa, gama kusan kullum haka a ke yi: a tsorata ka ko a kwaɗaita maka, a hana ka lokacin tunani, sa'an nan a nemi wani sirri. Ko ta waya ya zo, ko ta imel, ko ta WhatsApp, in ka ga waɗannan uku sun haɗu, ɓarawo ne.

Banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka, ko lambar da ke bayan kati, ko lambar nan da a kan aiko maka don aiki sau guda. Lambarka ta BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar cikin 2014, da ta NIN, kowace mai lamba 11, ba a ba da su ga wanda ya kira ka. Haka in wani ya ce shi ɗan ƙungiyarku ne ta malamai, za a yi taro, ka ba shi lamba shida da WhatsApp ya aiko maka, to, so ya ke ya ƙwace akwatinka ya roƙi 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Saƙon da ya ce ana ɗaukar ma'aikata, ko ana raba tallafin ambaliya, latsa nan ka biya kuɗin fom, dubi adireshinsa tukuna: na ma'aikatun gwamnati kan ƙare da gov.ng. In ka yi shakka, taka ka je ofishin da kanka. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In kuwa ƙaddara ta faɗa maka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Hanzarta zuwa banki a rufe katin, ka sake kalmomin sirri, ka kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC.

Buga Takarda

Manhajar da aka fi buga takardu da ita ita ce Microsoft Word, wadda ta fito tun 1983. Akwai kuma LibreOffice da Google Docs, waɗanda ba a saye. Wanda ya saba da tafireta sai ya yar da halaye biyu. Na ɗaya, kada ka latsa Enter a ƙarshen kowane layi, gama na'ura da kanta ke sauka. Sai za ka fara sabon sakin layi. Na biyu, kada ka yi ta buga dogon maɓallin tazara don kai take tsakiyar shafi ko jera sunaye da maki. Akwai maɓallin tsakiya, akwai kuma tebur mai gida-gida, wanda ba ya karkacewa.

Riƙe maɓallin Ctrl ka latsa S, aikinka ya ajiyu. Yi haka bayan kowane sakin layi, don wuta ba ta sallama in za ta ɗauke. Ctrl da Z yana mai da abin da ka ɓata, shi ne maganin tsoron sabon shiga. Ctrl da C yana ɗaukar kofen abin da ka zaɓa, Ctrl da V yana sauke shi inda ka ke so, Ctrl da P yana kai takarda ga firinta. Ka ba kowane fayil suna da shekara, yadda wanda zai gaje ka zai gane. Takardar da ba ka so a sāke mata ko harafi, ajiye ta a siffar PDF kafin ka aika.

In kana rubuta Hausa za ka ga jan layi a ƙarƙashin kalmomi. Kada ka damu, ƙamus ɗin na'urar na Turanci ne. Abin damuwa shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, domin kafa daban, ƙafa daban. Baki daban, baƙi daban. A cikin Word, buga 0199 ka riƙe Alt ka latsa X, sai ƙ ta fito; 0257 don ɗ, 0253 don ɓ. Manyansu kuwa 0198 don Ƙ, 018A don Ɗ, 0181 don Ɓ. Ka bar tazara kafin lambar, sa'an nan ka share tazarar. Wanda ke rubuta Hausa kullum gara ya sa a kunna masa allon Hausa da ke cikin Windows.

Ajiye Kofe

Yanzu sai mu koma inda muka faro. Mu mutanen fadama mun san halin koginmu. Ruwansa daga Kogin Kano da Kogin Challawa ya ke taruwa, an datse na farko a Tiga cikin 1974, na biyu cikin 1992, ga kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa. In damina ta yi ƙarfi sai ya bar gadonsa, kamar yadda muka gani cikin 2018 da 2020 da 2022. Kwamfutar da ke kan tebur ita ma ruwa na cinta, ɓarawo na ɗauke ta, ƙurar hunturu na kashe ta. Saboda haka takarda mai muhimmanci a ajiye ta wuri uku: a cikin kwamfuta, da a filash wanda ke kwana a wani gida dabam, da kuma a imel ko Google Drive, inda kowane mai akwatin Gmail ke da gigabait 15 kyauta. Tsofaffin rajistoci kuwa ba sai an sake buga su ba, a ɗauki hoton kowane shafi da waya a ajiye. Sai dai a tuna sunayen yara da ranakun haihuwarsu amana ce, har akwai dokar 2023 mai tsare bayanan mutane. Ba a watsa su a zauren WhatsApp.

Roƙona ga kowane hedimasta da kowane babban akawu a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja shi ne, kafin ruwan baɗi ya sauka, ya nemi ƙarami guda cikin ma'aikatansa wanda ya iya, ya zauna kusa da shi rabin awa kowace rana, ya koya da hannunsa, su fara da rajistar bana. Babu kunya ga babba ya koya wurin ƙaraminsa, mai tambaya ba ya ɓata. Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu da amanar da ke hannunmu, amin.