Kayan sanyi a garin da babu sanyi

Legas ba garin sanyi ba ne. Ko a tsakiyar hunturu, abin da ke isowa Agege ɗan hazo ne da bushewar leɓe na kwanaki, shi ke nan. Amma in kana neman rigar sanyi mai arha, hau motar Abule Egba ka sauka a Super, ka kutsa kasuwar Katangowa. Ga su nan tuli a ƙasa, kayan mutanen da ƙanƙara ke zuba a ƙofar gidansu.

Gwanjo muke ce musu, mutanen Kudu su ce okirika. Daga Turai, Amurka da Sin ake ɗauro su dila-dila, yawanci ta Kwatano, don a takarda gwamnati ta hana shigo da su. Shi ya sa da aka rufe iyakar Seme a Agustan 2019 kuɗin dila ya tashi, faɗuwar Naira a 2023 kuma ta ƙarasa shi. Duk da haka, talaka bai da wata kasuwar.

Sammako shi ne rabin cinikin. Da an yanke igiyar dila sai hannuwa su rufe ta, masu shago su tsince na lamba ɗaya, su wanke, su goge, su rataye da tsada. Wanda ya yi barcin safe sai ya sunkuya kan ragowa. Daga Oktoba kuwa 'yan'uwanmu ke saye a buhunhuna suna aikawa Ƙofar Wambai a Kano, da Jos, da Sakkwato. 'Yan acaba ma na kwasar jaket saboda iskar asuba.

Wani saurayi cikin masu zagaye filin wasa na Agege da safe na tarar a rumfar wani dattijo. Yana shirin gudun yada ƙanin wani na Legas, mai kilomita 42, wanda ake yi tun 2016, yawanci a Fabrairu, amma Disamba a gida Arewa zai yi ta, inda sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15. Ya ɗauko wata jibgegiyar jaket mai gashi a wuya.

"Samari, gudu za ka yi ko gadi?" in ji dattijon. "Ajiye wannan, ta mai kwana a bakin get ce."

Ya zaro masa riga shara-shara mai dogon hannu, irin ta 'yan ƙwallo, sannan wata mai zif ta ɗorawa a sama. Gaskiyarsa. Mai gudu kafin ya yi minti goma jikinsa ya ɗau zafi, kuma abin da ke cutar da shi gumi ne. Auduga tana shan gumi ta riƙe, iska ta buga, rigar ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a ƙirji. Yadin roba kuwa nan da nan ya bushe. Biyu marasa nauyi sun fi guda mai kauri, don ana iya tuɓe ta sama a ɗaure a ƙugu. Sai hula mai rufe kunne, da ƙyallen toshe hanci saboda ƙura.

Na ga yadda saurayin ke duba kaya, ya ja zif sama da ƙasa sau uku, ya miƙa robar ƙugun wando ya saki, ya ɗaga rigar ga rana yana neman huda a hammata. Takalmi ne kaɗai ban yarda a yi masa rowa ba. Kambas ɗin gwanjo kan yi kyau a ido alhali ƙasansa ya mutu, sai an lanƙwasa shi an danna dunduniyar da babban yatsa. In bai dawo ba, gwiwa ce za ta biya.

"Baba, a rage mini."

"Albarka."

Saurayin ya yi kamar zai tafi, ya taka uku, ya dawo ya ƙara kaɗan. Dattijon ya sallama, ya cusa masa safa ƙafa ɗaya a leda, yana ta tonon tulin yana neman 'yar'uwarta.