Ranar da gani ya daina korar ji

A watan Maris na 2022, makonni kaɗan bayan Rasha ta afka wa Yukren, wani bidiyo ya bazu a intanet. A ciki ga Shugaba Zelensky yana umartar sojojinsa su zubar da makamai. Mutumin bai taɓa furta haka ba, na'ura ce ta ƙera shi. An bankaɗo ƙaryar nan da nan, don aikin bai nuna ba: kan ya yi wa jikin girma, muryar kuma tana ɗan karkacewa. Shekara biyu kacal bayan haka, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfani ya shiga taro ta bidiyo da shugaban sashen kuɗi da abokan aikinsa, ya ga fuskokinsu, ya ji muryoyinsu, ya tura kusan dala miliyan 25. Duk cikin taron shi kaɗai ne ɗan Adam.

Wannan ita ce ƙirƙirarriyar basira, wadda ta shiga bakin kowa tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a Nuwamban 2022. Sirrinta ba tsafi ba ne. Ana ɗura wa kwamfuta tulin rubutu da hotuna da muryoyi, har ta gwanance wajen hasashen abin da ya kamata ya biyo baya, kalma bayan kalma. Shi ya sa take zuba zance tiryan-tiryan, ko gaskiya ne ko shaci-faɗi, ba ta ƙifta ido. Wasu lauyoyi a New York sun ɗanɗana kuɗarsu a 2023: sun miƙa wa kotu hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙago musu, alƙali ya ci su tarar dala 5,000.

Alherinta kuwa ba na yarwa ba ne. Gano siffar sinadarin furotin guda ɗaya a da yakan cinye wa mai bincike shekaru. Manhajar AlphaFold ta hasaso siffofin sama da miliyan 200, abin da ke share hanyar neman sababbin magunguna, har ta jawo wa Demis Hassabis da John Jumper kyautar Nobel a 2024. Wani abin mamaki, a shekarar ce aka ba Geoffrey Hinton tasa Nobel ɗin, dattijon da ya ajiye aiki a Google a 2023 don ya samu bakin gargaɗin duniya kan abin da shi kansa ya taya ginawa. Tsoronsa shi ne wata rana na'ura ta fi mai ita wayo, ta fi ƙarfin linzami.

Wannan muhawara ta manya ce, su je su yi ta. Ni abin da ya fi hana ni barci yana cikin aljihunmu. Mu mutane ne masu saƙon murya. Da yawa daga iyayenmu ba sa karanta boko, WhatsApp ɗinsu duk sauraro ne. In an kwaikwayi muryar wani malami yana ingiza jama'a, ko ta ɗanka yana kuka wai an tsare shi a hanya a turo kuɗi, wa zai tsaya tantama?

Don haka, ɗan'uwa, in irin wannan saƙo ya shigo maka, kada ka tura kuɗi, kada ka tura wa kowa saƙon. Kira mutumin a lambar da ka sani, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Ka kuma zaunar da Inna da Baba yau ɗin nan ka yi musu wannan bayani.