Gasar Ƙwallon Makarantun Sakandare: Ina Matsayin Yaron Lambara?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da yamma, ba zai rasa ganin yara sun yi dandazo a wani fili suna buga ƙwallo ba, wasu da takalmin roba, wasu ƙafa a ƙasa, raga kuwa sanda biyu ce ko duwatsu. A irin wannan fili ne ɗalibin makarantar gwamnati da ke Lambara yake koyon wasa. Idan Allah ya yi masa nasibi makarantarsu ta tsallake matakin ƙaramar hukuma, sai ya tsinci kansa a filin wasa na Giginya, ko ma a wata jiha, yana fuskantar yaran da ke da koci na musamman, da abinci mai gina jiki, da atisaye safe da yamma. Alƙalin wasa zai busa usur ɗaya, doka ɗaya, minti casa'in ga kowa. To amma shin wannan shi ne adalci?

Tambayar ba ta raini ba ce, domin gasar makarantu ita ce rijiyar da ƙwallon Nijeriya ya daɗe yana sha. Kofin Firinsifal ya yi tashe shekaru da dama kafin ya dusashe, sannan a 1998 aka ƙaddamar da Kofin NNPC da Shell domin makarantun sakandaren ƙasa baki ɗaya. Lokacin da ministan matasa da wasanni, Sunday Dare, ya farfaɗo da Kofin Firinsifal na ƙasa a 2021, makarantar da ta ɗauke shi ita ce Fosla da ke Abuja, wadda tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Alhaji Sani Lulu Abdullahi, ya kafa domin haɗa karatu da horon ƙwallo. Babu mai ganin laifinta, ta yi aikin da aka gina ta dominsa. Abin dubawa shi ne tsarin da ya ɗauke ta a matsayin sa'ar makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye.

A nan ne masu cewa a raba makarantun gwamnati da na kuɗi kawai suke kuskure. Da yawa daga makarantun kuɗi da ke cikin birnin Sakkwato gidajen haya ne da ba su da ko filin taron safe, balle na ƙwallo, alhali tsofaffin makarantun gwamnati irin su Kwalejin Nagarta suna da filaye da tarihi. Ainihin bambancin yana ga yadda makaranta ke samun 'yan wasanta. Akwai wadda ke wasa da yaran da unguwa ko ƙauye ya ba ta, akwai kuma wadda ke zagaya jihohi tana tsamo gwanaye, ta ba su gurbin karatu kyauta. Ko a fagen kokawa, dattawa ba sa bari a haɗa yaro da ƙato don kawai dukansu sun ɗaura warki.

Amurka ta daɗe tana fama da wannan muhawara. A jihar Texas, galibin makarantun gwamnati da na kuɗi kowa da hukumarsa da kofinsa. A jihar Illinois kuwa, a 2005 aka ɓullo da dabarar ninka yawan ɗaliban makarantar da ba ta da iyakar inda take ɗaukar yara da 1.65, domin a tura ta rukunin manya. Ba lallai mu kwafi lissafinsu ba, amma hikimar a fili take: wanda ya fi faɗin gona, a auna shi da mudu mafi girma.

Sai dai laifi tudu ne. Sanin kowa ne cewa wasu makarantun, har da na gwamnati, kan ɗauko sojan haya daga kulob-kulob na gari, a ɗinka musu yunifom rana ɗaya, a ce ɗalibai ne. Wannan ɗabi'a ce ta rage shekaru ta sa hukumar FIFA ta fara amfani da na'urar MRI wajen duba ƙashin wuyan hannun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da Nijeriya ta karɓi baƙunci a 2009. Shugaban makarantar da ya ajiye ɗalibinsa a benci ya sa baƙo, ya koya wa yara darasin da ya fi shan kaye muni.

Saboda haka kira na ga Ma'aikatar Ilimi da ta Matasa da Wasanni ta Jihar Sakkwato abu uku ne. Na farko, a kasa gasa gida biyu: rukunin makarantun horon ƙwallo da masu tsamo 'yan wasa daga nesa, da rukunin sauran makarantu, ko na gwamnati ko na kuɗi. Na biyu, kada a bar yaro ya buga sai sunansa da hotonsa suna cikin rajistar makarantar tun farkon shekarar karatu. Na uku, a ɗauke wa makarantun karkara kuɗin mota da rigunan wasa, don kada rashin kuɗin mai ya fitar da su tun kafin a take leda.

Yaron Lambara ba ya roƙon a ba shi kofi kyauta. Abin da yake nema shi ne idan an ci shi, ya koma gida da yaƙinin cewa sa'ansa ne ya fi shi, kuma baɗi zai iya ramawa. Allah ya sa masu ruwa da tsaki su ji.