Birkin Mai da Birkin Iska a Titunan Abijan

Motocin haya da na dakon kaya da ke kai da komo tsakanin Adjamé da Treichville a birnin Abijan, birki iri biyu suke aiki da shi. Ƙananan bas-bas da ake kira gbaka, masu cincirindo a tashar Adjamé daura da kasuwar Black Market, galibinsu birkin mai gare su. Tirelolin da ke lodi a tashar jiragen ruwa ta wajen Treichville, su bi ta Yamoussoukro da Bouaké har su tsallaka Burkina Faso, Mali da Nijar, su kuwa da iska suke tsayawa.

Birkin mai ya dogara ne a kan cewa mai ba ya matsuwa. Direba na taka feda, sai fistin ya tura man ta siraran bututu zuwa ƙafafun mota, takalmin birki ya damƙe. Sai dai man yana da kwaɗayin ruwa, yana tsotsar laima daga iska, Abijan kuwa gari ne na bakin teku inda laima kan zarce kashi 80 cikin 100. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin salshiyas, amma in ya sha ruwa, a wajen digiri 140 ma yana iya tafasa. Da ya tafasa sai tururi ya shiga bututu, tururi kuma yana matsuwa, feda ta nutse har ƙasa mota na ci gaba da gudu. Shi ya sa ake son a zubar da man a zuba sabo duk bayan shekara biyu.

Birkin iska daga jirgin ƙasa ya samo asali, George Westinghouse ne ya yi rajistarsa a Amurka a 1869. A tirela, inji na juya kwampresa, ita kuma tana ɗura iska a tankuna har matsinta ya kai wajen 8 a ma'aunin bar. Feda a nan bawul kawai take buɗewa. Iska ta danna faifan roba a cikin tukunyar birki, sanda ta fito ta murɗa ƙarfen da ke buɗa takalma su manne wa gangar birki. Hikimar tsarin tana ƙafafun baya, inda aka sa ƙaƙƙarfan sifirin da iska ce ke danne shi. In iska ta zurare, sifirin ya saki, ƙafafun su kulle. Wannan ne dalilin da direban tirela kan zauna da safe, inji na ruri, yana jiran allurar agogon iska ta hau kafin ya ɗaga. Makanikai kan ɗaure sifirin da noti don a janye motar da ta mace a hanya, kuma barin sa a ɗaure bayan gyara ganganci ne da rayukan jama'a.

Nan ma ruwa ne babban maƙiyi. Iskar da aka matsa tana zubar da laimarta a gindin tanki, tsatsa ta ci bawul. Karen motar da ya san aikinsa kan tsuguna kullum ya ja zoben da ke ƙarƙashin tanki, ruwa haɗe da baƙin mai ya feso, har sai iska zalla ta biyo baya.

A gangara, tirelar da aka yi wa lodin wuce kima takan gasa gangunanta har takalmi ya daina kamawa, yawan tattaka feda kuma yana ƙarar da iska. Ƙaramin giya ne magani. Kayan gyara kuwa, da yawansu na hannu ne daga kasuwar tsofaffin motoci ta Abobo, kuma tiyo ko robar da ta riga ta tsufa a Turai ba ta daɗewa a wannan zafi. A wurin gwajin lafiyar motoci na kamfanin SICTA, ana ɗora ƙafafun mota a kan na'ura mai juyawa, a auna ƙarfin kamun hagu da na dama, domin in ɗaya ya fi ɗaya, motar kan karkace ta bar hannunta lokacin taka birki.