Doki A Cikin Hazo: Darasin Kimiyya Daga Maƙerar Mazarƙwaila

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ikara zuwa Maƙarfi ko Kudan da sassafe a tsakiyar hunturu ya san yadda gari kan yi fari fat, har rana ta zama kamar faifai. A irin wannan safiya ce, shekarun baya, na tsaya bakin wata fadamar rake inda ake dafa mazarƙwaila. Wani kili na kewaya injin matsar rake, tururi na tashi daga tukwane, hazo ya lulluɓe kome. Na ɗauki hotuna har fim ya ƙare. Da aka wanko su, sai na ga kilin nan ya koma launin toka, hazon kuwa ya yi duhu tamkar hadari. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Ni ne ban fahimci yadda take auna haske ba.

Daga baya na gane cewa masu ɗaukar hoton dawaki cikin dusar ƙanƙara a Turai da Rasha suna fama da wannan matsala. Sanin dalilinta zai amfani ɗalibi a darasin haske da na ilmin halittu baki ɗaya.

Me ya sa fari ke komawa toka?

A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske. An tsara shi bisa zaton cewa abin da ke gabansa matsakaici ne, wato launin toka mai mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. To, sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da fiye da kashi 80. Da ma'aunin ya ga wannan, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage shi, fari ya dawo toka. Hazo ma haka yake ruɗar sa. Maganin shi ne mai ɗauka ya ƙara haske da kansa, mataki ɗaya ko biyu. Mai wayar hannu kuwa sai ya taɓa jikin dokin a fuskar wayar, sa'an nan ya ɗaga hasken kaɗan. In dokin akawal ne, a lura sosai, domin baƙin jiki a gaban farin fili kan fito kamar inuwa, babu ido babu gashi.

Amma hazo ya bambanta da ƙanƙara ta fuska guda. Ƙanƙara a ƙasa take, hazo kuwa yana tsakaninka da dokin. Mafi yawan ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, wurin da a dā gindin wani babban tafki ne. Cikin ƙurar har da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Waɗannan ƙwayoyi suna warwatsa haske, shi ya sa abin da ke nesa ke dushewa. Don haka a matso kusa, a sa rana a gefe. Kada kuma a goge gilashin kyamara da bakin riga, domin ƙurar na ƙarzar sa.

Abin da hoto ke tonawa

A hotunan dawakin Yakutiya, can arewa maso gabashin Saibiriya, za ka ga ƙanƙara ta taru a gadon bayan doki ba ta narke ba. Wannan babbar shaida ce. Zafin jikin doki kimanin digiri 38 ne, amma gashinsa ya riƙe zafin har bai isa ya narkar da ita ba. Waɗannan dawaki suna kwana a fili cikin sanyin da ke wuce digiri 50 ƙarƙashin sifiri, suna tonon ƙanƙara da kofato su ci ciyawar da ke ƙasa. Binciken ƙwayoyin gadonsu da aka buga a 2015 ya nuna cewa cikin shekaru kamar 800 kacal suka sami wannan juriya.

Abin da ke sa gashin ya yi kauri shi ne gajartar yini, fiye da sanyin kansa. Ido ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa dare ya yi tsawo, jiki kuma ya shiga shiri. A birnin Yakutsk yinin Disamba bai fi awa 5 da 'yan mintoci ba. A Ikara kuwa bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta awa ɗaya ne da ɗoriya, saboda haka dawakinmu ba sa yin irin wancan gashi. Sai dai in ka ɗauki hoton doki daf da jikinsa da asubahin jaura, za ka ga gashin ya mimmiƙe don ya tare iska mai ɗumi kusa da fata. Harawar da aka ba shi da dare ita ma murhu ce, domin ƙwayoyin halittar da ke narkar da ita a babban hanjinsa suna fitar da zafi.

Gudu da ido

A 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya a Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, da ɗaukar nauyin Leland Stanford. Hotunansa sun tabbatar da cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk ke barin ƙasa, kuma a sa'ad da suke tattare ƙarƙashin ciki ne, ba a miƙe gaba da baya yadda masu zane suka saba nunawa ba. Ɗalibi zai iya maimaita wannan gwaji a hawan salla, in ya sa ƙyaftawar kyamara ta zama kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, ko ya ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya.

Sai dai a kiyaye. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayansa ko daf da goshinsa. Wanda ya ɓullo ta nan da kyamara yana neman harbi. A zo ta wajen kafaɗa, ana magana a hankali, bayan an nemi izinin mai doki. A kuma kashe walƙiyar kyamara.

Kira ga malamai

Injin mai shan mai yana ta maye gurbin doki a wajen matsar rake, kuma ba a cika samun hotunan wannan sana'a a ajiye ba. Ina roƙon malaman kimiyya na makarantun Ikara da Maƙarfi da Kudan su fita da ɗalibansu a hunturun bana. Kowane ɗalibi ya ɗauki doki ɗaya sau uku: yadda kyamara ta zaɓa, da ƙarin mataki ɗaya, da ƙarin mataki biyu. Ya rubuta rana da lokaci da wuri da kaurin hazo a littafinsa. A dawo aji a jera hotunan, a tambayi yara wanne ne ya fi kama da dokin da suka gani da idonsu, kuma don me.