Kafin a Saka Katafila a Filin Sola

Wanda ya dubi faƙo zai ce wurin banza ne, a shimfiɗa masa farantan sola a huta. Alhali ƙarƙashin ƙasar nan gari ne guda: gara, tururuwa, buzuzu, kunama, gizo-gizo. Su ke huda ƙasa ruwan sama ya ratsa, su ke binne kashin dabbobi ya zama taki. Manoman Tahoua masu haƙa ramukan tassa sun san wannan, shi ya sa suke zuba taki a ramin, gara ta zo ta buɗe musu ƙasar da ta ƙeƙashe.

A hamadar Mojave ta Amurka akwai tashar wutar rana ta Ivanpah, wadda aka buɗe a 2014 a kan fili mai faɗin kusan hekta 1,400. Madubai dubu ɗaruruwa ke tattara hasken rana su harba shi kan hasumiyoyi uku. Hasken na jan ƙwari, zafin ya babbake su a iska, tsuntsayen da suka biyo su ma ba su tsira ba. Amma a ganina babbar ɓarnar tun a ƙasa aka yi ta. Binciken da aka wallafa a 2021 ya tarar ƙudaje da ƙwarin da ke bin furanni sun ragu a cikin tashar, har da inda aka kankare ƙasa da katafila. Suna kuwa cikin masu yi wa tsirrai barbara, in babu su irin wasu tsirran ba ya ƙulluwa.

Farantan sola irin waɗanda muka sani ba sa ƙona komai, sai dai suna yaudara. Baƙin gilashinsu na ƙyalli kamar ruwa, ƙwarin da ke hayayyafa a tafki su sauka su zuba ƙwai a kai, rana ta soye. Mai bincike Gábor Horváth da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa fararen layuka a jikin farantin na rage wannan ruɗu sosai.

Wutar sola alheri ce, ba mai ja, kuma ta iso mu: ga Gorou Banda kusa da Yamai, ga Kumbotso a Kano. Saboda haka in kamfani ya zo neman fili, masu gari su tambaya tun kafin sa hannu: kankare ƙasar za a yi ko yanke ciyawa kawai? Za a bar wasu gurabe da shuri da bishiyoyinsu? Da hannu za a riƙa cire ciyawa, ko feshin guba za a yi duk damina?